RUWA BA YA TSAMI BANZA: KULORIN DA ƘAZANTARMU A KWAMIN NINƘAYA

'Yan'uwa ɗalibai, malamai da iyayenmu masu karatu, muna so mu yi magana a kan wani wari wanda mutane da yawa sun san shi, amma kaɗan ne suka san ma'anarsa. Duk wanda ya taɓa kusantar kwamin ninƙaya, ko a otal, ko a filin wasanni, ko a wata babbar makaranta, ya san wannan wari mai kaifi da ke bugun hanci tun kafin mutum ya ga ruwan. Jama'a sukan ce, "Lalle an zuba magani da kyau," sai hankalinsu ya kwanta, su saki yara su faɗa ciki. In kuwa yaran suka fito idanunsu sun yi ja, sai a ce ai maganin ne ya yi yawa.

Duka maganganun nan biyu kuskure ne. Ruwan da aka kula da shi yadda ya kamata ba shi da wari mai ƙarfi, ba ya kuma sa idanu su yi ja wur. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Warin nan alama ce cewa maganin ya gamu da gumi, da fitsari, da dauɗar jikin mutane, har gamuwar ta haifi waɗansu sababbin sinadarai waɗanda ba wanda ya zuba su da hannunsa. Ra'ayinmu shi ne, kaso mafi girma na laifin namu ne, mu masu shiga ruwan, gyaran kuma yana hannunmu, ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Za mu kuma ja kunnen masu cewa a daina zuba maganin ɗungum, gama shawararsu ta fi cutar muni.

ALHERIN KULORIN

Sunan maganin kulorin. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Scheele, shi ne ya fara samar da shi a 1774. A 1810 Humphry Davy na Ingila ya nuna cewa sinadari ne mai zaman kansa, ya kuma raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin launin kore mai ratsin rawaya. A ainihin halinsa iska ce mai guba, har an yi amfani da ita a matsayin makami a Beljiyam cikin watan Afrilu na 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Duk da haka, ɗan kaɗan daga cikinsa in an narkar a ruwa yana cikin abubuwan da suka fi ceton rayukan 'yan Adam.

A 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi sawun annobar kwalara gida gida har ya kai ga famfon rijiya guda da mutanen unguwar ke ɗiba. Daga nan tunanin cewa ruwa na ɗauke da cuta ya fara samun gindin zama. A 1908 birnin Jazi Siti a Amurka ya fara zuba kulorin a ruwan sha kullum ba fashi, bisa shawarar likita John Leal. Sauran birane suka bi sahu, mace-macen zazzaɓin taifod kuwa suka ragu ƙwarai. Ba a daɗe ba masu wuraren ninƙaya su ma suka ɗauki wannan dabara.

Sa'ad da kulorin ya shiga ruwa yakan zama wani ɗan asid mai kaifi wanda ke huda jikin ƙwayoyin cuta ya lalata su. Amma ba duka yake kashewa nan take ba. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta nuna cewa in akwai miligiram 1 na kulorin a kowace lita, ƙwayar I-kolai da ke cikin kashi takan mutu kafin minti 1, ƙwayar ciwon hanta nau'in A takan ɗauki kimanin minti 16, ƙwayar zawo da ake kira jiyadiya kimanin minti 45. Akwai kuma wata mai taurin kai, kirifto, wadda ke iya rayuwa fiye da mako guda a cikin ruwan. Watau maganin yana bukatar lokaci, yana kuma bukatar ya kasance da ƙarfinsa. Mu riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

ABIN DA AKA GANO A 1974

Shekara fiye da 60 ana zuba kulorin ba a san yana barin wani abu a baya ba. A 1974 wani masanin sinadarai mai aiki da hukumar ruwa ta birnin Rotadam a ƙasar Holan, Johannes Rook, ya ba da rahoton cewa ya sami kulorofom a cikin ruwan da aka tace, alhali kuwa kafin a zuba magani kusan babu shi. Ya gano cewa kulorin ne ke haɗuwa da burbushin ruɓaɓɓen ganye da ciyawa da ke narke a ruwan kogi, haɗuwar ta haifi kulorofom da danginsa. A shekarar nan kuma masanan Hukumar Kare Muhalli ta Amurka suka sami abu iri ɗaya a nasu ruwan.

Kulorofom ba baƙo ba ne ga likitoci. Shi ne James Simpson ya fara amfani da shi a Sikotilan a 1847 domin sa marasa lafiya barci, daga baya aka bar shi saboda yana ɓata hanta yana kuma rikita bugun zuciya. Abin da ke cikin ruwan famfo bai kai ko kusa da wannan ba, amma tunda mutum zai sha ruwa dukan ransa, hukumomi suka ga ya kamata a sa iyaka. A 1979 Amurka ta ƙayyade dangin kulorofom kada su wuce maikirogiram 100 a lita, a 1998 ta rage zuwa 80. Maikirogiram kuwa kashi 1 ne cikin miliyan na giram. Daga lokacin Rook zuwa yanzu masana sun gano ɗaruruwan irin waɗannan sinadarai da tsabtace ruwa ke haifarwa.

KWAMI BA FAMFO BA NE

Ruwan famfo sau ɗaya ake sa masa magani a aiko mana, mu sha, ya wuce. Ruwan kwamin ninƙaya kuwa zagayawa yake yi. Inji ya ja shi, ya bi ta matatar yashi, a ƙara masa kulorin, ya komo. Ruwa ɗaya yakan yi watanni yana wannan zagaye, gama kwami irin na gasar Olimfik, mai tsawon mita 50 da faɗin mita 25 da zurfin mita 2, yana cin lita miliyan 2 da rabi, ba kuwa wanda zai zubar da wannan kowane mako. Matatar yashi tana kama gashi da ƙura, amma abin da ya narke yakan wuce ta cikinta ya zauna, yana taruwa.

To, me muke shigo da shi? Gumi, da man shafawa, da turare, da hoda, da sabulun da bai fita ba, da matacciyar fata, da majina, da yau, da ɗan burbushin kashi, sa'an nan uwa uba fitsari. Kada mai karatu ya ce wannan zargi ne kawai. A 2017 masana a Jami'ar Albata ta ƙasar Kanada suka yi wata dabara. Akwai wani sinadarin zaƙi da ake sa wa lemon kwalba da alewa, wanda jiki ba ya narkar da shi, yakan fita a fitsari yadda ya shiga. Suka auna yawansa a wuraren ninƙaya da na wankan ruwan zafi guda 31 a birane biyu, suka same shi a kowane ɗaya. A wani kwami mai lita 830,000 suka ƙiyasta akwai fitsari lita 75, watau jarka uku ta lita 25. A wani mai rabin girmansa suka sami lita 30. Ba yara kaɗai ke yi ba. Michael Phelps, gwanin ninƙaya na Amurka mai lambobin zinariya 23 a Olimfik, ya faɗa wa 'yan jarida a 2012 cewa 'yan wasa sukan yi fitsari a ruwa, yana ganin ba laifi tunda akwai kulorin. Gwani ne a ninƙaya, amma a nan ya yi kuskure.

Ga dalili. Fitsari da gumi suna ɗauke da yuriya da amoniya, abubuwa masu sinadarin naitirojin. Kulorin yana da kwaɗayin naitirojin. Da zarar sun gamu sai ya manne masa, a sami abin da ake kira kuloramin. Iri uku ne: mai kulorin ɗaya, mai biyu, da mai uku. Na ukun shi ne fitinanne. Wani Bafaranshe, Pierre Dulong, wanda ya fara haɗa shi tsantsa a wajajen 1812, ya rasa ido ɗaya da waɗansu yatsu sa'ad da abin ya fashe masa. A kwami ba ya taruwa har ya fashe, amma ba ya son zama a ruwa. Yakan tashi ya zama iska, musamman in ana fantsama ruwa, kuma da yake ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ya kwanta dab da fuskar ruwan, daidai inda hancin mai ninƙaya yake. Shi ne warin da muke ji. Shi da 'yan'uwansa ne ke sa ido ja, da kaikayin fata, da tari.

Hasarar kuwa biyu ce. Masu kula da ruwa sukan raba kulorin gida biyu: sakakke, wanda ke da ƙarfin kashe cuta, da ɗaurarre, wanda ƙazanta ta riga ta kama. Ɗaurarren ba shi da kaifi kamar sakakken. Saboda haka duk wanda ya yi fitsari a ruwa ya haifar da abin da zai cuci idon maƙwabcinsa, ya kuma cinye maganin da ya kamata ya kashe ƙwayoyin zawo. Kwamin da ya fi wari sau da yawa shi ne wanda sakakken kulorinsa ya yi ƙasa. Ashe abin da ke kwantar wa iyaye hankali shi ne ya kamata ya tashe su tsaye.

Ba kuloramin kaɗai ba ne. A 2014 masana na Jami'ar Fadu a Amurka tare da abokan aikinsu na ƙasar Sin suka nuna cewa asid ɗin yurik, wanda yawancinsa daga fitsari yake zuwa, in ya gamu da kulorin yana haifar da kuloramin mai uku da kuma sayanojin kulorayid, wani abu mai guba ga huhu da zuciya, ko da yake ɗan ƙanƙani ne ake samu a kwami. Kafin wannan, a 2010, wani bincike a birnin Basalona na ƙasar Sifen ya lissafta fiye da sinadarai 100 irin waɗannan a ruwan ninƙaya. Hanyoyin shigarsu jiki uku ne: ta haɗiya, ta fata, da ta numfashi. Wani awo da aka yi a Amurka ya nuna cewa cikin minti 45 na ninƙaya yara kan haɗiye kimanin mililita 37 na ruwa, manya kuwa 16. Ga shi kuma jikin yaro ƙarami ne.

INA IYAKAR HATSARIN?

A nan ya kamata mu auna magana, kada mu tsorata jama'a fiye da kima. Abin da ba gardama a kansa shi ne na nan take: jan ido, ƙaiƙayin hanci da maƙogwaro, tari, da tashin ciwon asma ga mai shi. Waɗanda suka fi shan wahala su ne ma'aikata da 'yan wasa masu wuni a wurin, musamman in kwamin yana cikin rufaffen gini. Binciken da aka yi a Faransa cikin shekarun 1990 a kan masu tsaron lafiyar masu ninƙaya ya nuna cewa gwargwadon yawan kuloramin a iska, gwargwadon kukansu da ido da maƙogwaro. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada kuloramin mai uku ya wuce rabin miligiram a kowace mita kubik ta iska.

Batun ko ninƙaya tana haddasa asma ga yaron da ba shi da ita, masana sun rabu. Alfred Bernard da abokan aikinsa a Beljiyam sun ba da rahoto tun 2003 cewa yaran da suka fi zuwa rufaffun wuraren ninƙaya sun fi kamuwa. Amma wani babban bincike a Ingila da aka buga a 2011, wanda ya bi yara fiye da 5,000 tun daga haihuwa, bai ga ƙaruwar asma ba, har ma ya ga huhun masu ninƙaya ya fi ƙarfi. Haka nan batun ciwon daji. Wani bincike a Sifen a 2007 ya ga alaƙa tsakanin daɗewa ana cuɗanya da dangin kulorofom, ta sha ko wanka ko ninƙaya, da ciwon dajin mafitsara. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa kulorofom a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa shi, ba a jerin waɗanda aka tabbatar ba. Masanan Basalona da kansu, bayan sun gwada mutum 49 da suka yi ninƙaya ta minti 40, ba su ce a daina ninƙaya ba. Shawararsu ita ce a rage waɗannan sinadarai domin a ci amfanin ninƙaya ba tare da cutarwa ba.

Mu ma nan muka tsaya. Hatsarin bai kai a gudu ba, amma ya isa a gyara, tun da yake gyaran mai sauƙi ne.

AMSA GA MASU CEWA A BAR KULORIN

Wani zai ce, in haka ne, me zai hana a daina zuba maganin, a kwami da famfo duka? Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. A 1991 kwalara ta ɓarke a ƙasar Peru ta Kudancin Amurka. Cikin shekarar nan kaɗai mutum fiye da 300,000 suka kamu, kusan 3,000 suka mutu. Masu bincike suka tarar ruwan famfon birnin Turuhiyo, ɗaya daga cikin wuraren da abin ya yi tsanani, ba a sa masa kulorin. Ba sai mun je nesa ba ma. A 2021 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya ta lissafta fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,000 suka rasu, yawancinsu a jihohin arewa. Kwalara tana kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Hatsarin dangin kulorofom kuwa ƙanƙani ne, na shekaru masu yawa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta nanata cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta domin gudun abin da maganin ke haifarwa. Duk wanda ke sa ɗigon kulorin a randar gidansa bisa ƙa'ida, ya ci gaba.

Mu dubi kuma inda yawancin yaranmu ke koyon iyo: kududdufi, da rafi, da bakin dam, inda ba magani ko kaɗan. Can ne ake kwaso tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin katantanwa su girma, su fito su huda fatar wani yaro, bayan 'yan watanni ya fara fitsarin jini. Abin lura shi ne, a kududdufin ƙauye da kwamin otal tushen matsalar ɗaya ne, watau mai da ruwan jama'a makewayi.

Waɗansu masu otal sukan yi tallar cewa nasu ruwan gishiri ne, ba kulorin. Wannan wasa da hankali ne, gama injin da ke wurin yana amfani da lantarki ne ya fitar da kulorin daga gishirin, kuloramin kuwa yana samuwa kamar kullum. Akwai fitilu masu hasken altirabayolet da ke farfasa kuloramin su kuma kashe kirifto, akwai iskar ozon, amma duka suna aiki ne a cikin bututu kawai. Ruwan da ke tsakanin mutum da mutum a cikin kwami dole ya kasance da ɗan sakakken magani.

Barin ninƙaya ma ba mafita ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kimanin 300,000 suka mutu ta nutsewa a ruwa a 2021, yara da matasa kuwa suna da yawa a cikinsu. Mu da muke jin labarin kifewar kwalekwale kusan kowace damina, mun san darajar yaron da ya iya iyo.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Na fari, mu masu shiga ruwa. A yi wanka kafin a shiga, ba bayan an fito kaɗai ba. Masana a Holan sun auna sun ga cewa tsayuwar minti 1 a ƙarƙashin shawa tana wanke mafi yawan dauɗar da za ta shiga kwami. Mu da muke shafa mai da basilin da yawa, musamman lokacin hunturu, mun fi kowa bukatar wannan. A zaga bayi kafin a shiga. Iyaye su fito da ƙananan yara kowace awa su kai su, kada a jira sai sun faɗa. Mai zawo kada ya shiga sam, in kuwa likita ya ce kirifto ne, ya dakata mako 2 bayan ya warke. Kada a haɗiye ruwan. In kuka iso wuri kuka ji wari ya buge ku, ko ba ku iya ganin ƙasan kwamin, ku koma gida, kuɗin ƙofa bai kai lafiyarku ba.

Na biyu, masu wuraren. Yawancin waɗanda muke gani a biranenmu a fili suke, iska tana kwashe kuloramin, wannan sa'a ce. Amma muna da namu matsalolin. Zafin rana yana cinye sakakken kulorin da sauri, gumi ya fi yawa, ƙurar hunturu tana sauka, in an ɗauke wuta inji ya tsaya, ga tsadar ruwa da ke sa a ƙi sauyawa. Saboda haka awo ya zama tilas, sau da yawa a yini. Kayan awon ba su da tsada: ƙwaya ce ake jefawa a ɗan ruwa ya zama ruwan hoda, a gwada launin. Ƙa'idar da aka saba ita ce sakakken kulorin kada ya gaza miligiram 1 a lita, ma'aunin tsami da kanwa kuwa, wanda ake kira pH, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. In aka auna jimlar kulorin aka ɗebe sakakken, abin da ya rage shi ne ɗaurarren. Jamusawa sun ƙayyade kada ɗaurarren ya wuce miligiram 0.2, dangin kulorofom kada su wuce maikirogiram 20, sa'an nan a ƙara sabon ruwa lita 30 saboda kowane mutum da ya shiga. Sun gane cewa ƙazantar da ta narke, sirki da sabon ruwa ne maganinta. A kuma gina shawa da bayi masu tsabta a kan hanyar shiga. Wanda ya tarar da bayi a kulle ko a ƙazance, mun san inda zai yi.

Na uku, ma'aikatan da ke zuba maganin, waɗanda sau da yawa ba wanda ya koya musu kome. Garin kulorin in ya gamu da asid yakan saki iskar nan mai guba. In aka haɗa iri biyu na maganin a bokiti ɗaya suna iya kama wuta. Ruwan bilic in ya daɗe a ɗaki mai zafi ƙarfinsa yakan ragu, ya kuma haifi wani sinadari da ake kira kuloret. A Amurka, da duk dokokinsu, hatsarin magungunan kwami ya riƙa kai kimanin mutum 4,500 asibiti kowace shekara tsakanin 2008 da 2017. Haƙƙin mai wuri ne ya ba ma'aikacinsa safar hannu, da tabarau, da horo, da ɗakin ajiya mai sanyi da iska. Darasin ya shafi gidajenmu ma: kada a taɓa gauraya bilic da wani maganin wanke bayi.

Na huɗu, hukuma. Jami'an duba-gari da ke leƙa mahauta da gidajen abinci ya kamata su riƙa leƙa wuraren ninƙaya da kayan awo a hannu, a kuma tilasta wa masu su liƙa sakamakon awon kowace rana inda kowa zai gani.

Na ƙarshe, mu ɗalibai da malamai. Wannan darasin kimiyya ne wanda ke tafiya da ƙafafunsa. Abin da muke rubutawa a allo game da haɗuwar sinadarai, shi ne ke faruwa a idon ƙanenmu. Wanda ya fahimta ya bayyana wa na gida, ya kuma fara da kansa.

Mutum yakan yi abu a cikin ruwa domin ya san ba mai ganinsa, yana cewa ɗan nawa me zai yi a cikin wannan teku? Haka kowa ya ce har aka tara jarka uku. An ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun daɗe muna ɗora wa kulorin laifin jan ido, lokaci ya yi da za mu karɓi namu kason. Ruwan da muke tarayya a cikinsa amana ne, halin mutum kuwa akan san shi ta abin da yake yi sa'ad da ba mai kallo. Mu yi wanka kafin mu shiga, mu fita in fitsari ya matsa, mu bar maganin ya yi aikin da aka zuba shi domin ya yi. Rigakafi ya fi magani.